Tambayi Malamin Gona: Me ake saye a kwalbar Montalcino?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan wata, domin dukansu a kan inabi suke, ko da yake kowace da inda ta dosa. Tun da fari in faɗa: giya haramun ce a addininmu, ba na sha, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba. Amma inabi shuka ne, ni kuwa a kan shuka na tsufa, kuma wanda ya yi tambaya tsakaninsa da Allah ya kamata a ba shi amsa yadda abin yake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina aiki a mangazar wani otal a nan Yamai, ni ke riƙe da littafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Cikin kayan da ake ajiye wa baƙi Turawa akwai wata kwalbar jar giyar inabi ta Italiya. An rubuta mata Brunello di Montalcino, da Biondi-Santi, da Tenuta Greppo, da shekara, a wuyanta kuma an liƙa wata siririyar takarda mai lamba da haruffan DOCG. Kuɗinta ya fi albashina na wata. Kusa da ita akwai wata, ita ma ja, ita ma ta Italiya, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin waccan ba. Ni ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba, sai dai abin yana ci mini rai. Duka ba ruwan inabi ba ne? Ko dai masu kuɗi ake yi wa wayo?
Daga ɗanka, unguwar Yantala, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba wayo ba ne zalla, ko da yake akwai kuɗin suna a ciki, kuma zan zo kansa. Mu bi rubutun kwalbar ɗaya bayan ɗaya.

Montalcino ƙaramin gari ne a kan tudu, a yankin Toskana da ke tsakiyar Italiya, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Siyena. Garin yana bisa tsayin mita 560 da ƴan kai, gonakin inabi kuma sun gangaro daga gindinsa ta kowace fuska. Kudu da shi akwai dutsen Amiata, mai tsayin fiye da mita 1,700, wanda ke tare masa hadari, shi ya sa wurin ya fi yawancin Toskana bushewa. Ƙasar ba ta da ƙarfi. Tsakuwa ce da farar ƙasa da wani irin dutse mai ɓarewa falle-falle in ka murza shi. Inabin da ake matsa kuwa haka yake so. In ƙasa ta yi masa daɗi, sai ya tafi ga ganye da manyan ƴaƴa masu ruwa lami. In ya sha wuya, saiwarsa ta nutse neman danshi, sai ya yi ƴaƴa ƙanana masu kaurin ɓawo, zaƙi da tsami da ƙamshi duk sun taru a cikinsu.

Brunello sunan da mutanen garin ke kiran inabinsu ne. Asalin irin Sangiovese ne, wanda ya fi kowane iri yawa a gonakin Italiya, sai dai na Montalcino zaɓaɓɓe ne daga cikinsa. In ka matse ƙwayar jan inabi, ruwan da zai fito fari ne, jan yana cikin ɓawo. Don haka bayan an tsinke shi, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a murƙushe a bar ruwan da ɓawon da ƙwallon su jiƙa tare na ƴan makonni, yis yana cin sukarin yana mai da shi barasa. A nan yake samun launi, a nan kuma yake samun bauri, irin baurin bagaruwar da majema ke jima da ita, don sinadarin danginsu ɗaya. Baurin nan da tsamin su ke sa abin ya yi shekaru bai lalace ba, su ne kuma ke hana a sayar da shi da wuri.

Biondi-Santi sunan gida ne, Tenuta Greppo kuma gonarsu ce, can kudu maso gabas da garin kaɗan. Kakan gidan, Clemente Santi, mai haɗa magunguna ne kuma manomi. Shi ya fara ware wannan inabi yana matse shi shi kaɗai, a zamanin da kowa ke gauraya ja da fari ya shanye a shekarar. Abin da ya matse a 1865 ya ci lambar yabo a bajekolin noma na Montepulciano a 1869. Jikansa Ferruccio Biondi-Santi ya ɗora daga nan. Ya riƙa bin gonar itace-itace yana zaɓen waɗanda suka fi, yana yanko rassansu yana dasawa, har ya fitar da kwalaben 1888, waɗanda ake ɗauka su ne mafarin Brunello na yau. Abin da ya fi kama ni a tarihin gidan nan shi ne haƙurinsu. Daga 1888 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, shekaru 4 kacal suka yarda sun kai a ajiye su a matsayin na musamman: 1888, 1891, 1925 da 1945. A 1944, da yaƙin ya iso Toskana, Tancredi Biondi-Santi da ɗansa Franco suka gine ƙofar wani ɗaki da tsofaffin kwalaben a ciki don kada sojoji su wawashe. A 1969 shugaban Italiya Giuseppe Saragat ya yi wa Sarauniya Elizabeth liyafa a ofishin jakadancinsu na Landan, aka kawo ta 1955 ta gidan nan, sunan ya ƙara fita duniya. Franco ya rasu a 2013, bayan ƴan shekaru kuma wani kamfanin Faransa mai suna EPI ya sayi mafi yawan hannun jarin gidan.

Sai takardar wuya. DOCG shi ne mataki mafi girma a dokar Italiya ta kare sunan giyar da wani yanki takamaimai ya noma, kuma Brunello na cikin na farko da suka same shi a 1980. Kafin a liƙa wa kwalba wannan takarda sai an cika sharuɗɗa masu tsauri. Inabin ya zama Sangiovese tsantsa ba gauraye, kuma cikin iyakar gundumar Montalcino aka noma shi. Gonakin da aka yi wa rajista duka-duka hekta 2,100 ne ko kusa da haka, ba kuma a ƙara su yadda aka ga dama. Hekta ɗaya ba za ta wuce tan 8 ba, alhali mai noman inabin ci a kudancin Italiya yana iya cire tan 30 ko fiye. Shi ya sa tun inabin bai nuna ba za ka ga manomi yana bin layi da almakashi, yana yanke wasu nonnan yana zubarwa ƙasa, don waɗanda suka rage su ƙosa. Tan 8 ɗin nan in an matse, kwalba 7,200 ne da ƴan kai. Daga nan sai jira: aƙalla shekara 2 a gangar katako, wata 4 a kwalba, kuma ba a kai ta kasuwa sai ranar 1 ga Janairu ta shekara ta biyar bayan girbi. Abin da aka tsinka a 2019, sai Janairun 2024 ya ga kasuwa. Wadda aka rubuta wa Riserva sai ta ƙara shekara guda a kai. A ƙarshe a kai ta ɗakin gwaji, a kuma kai ta gaban kwamitin masu ɗanɗano. In ta faɗi, ba ta da ikon ɗaukar sunan.

Ka yi lissafin da kanka, tunda kai ma mai riƙe littafi ne. Mutum ya yi noma bana, ya biya ƴan ƙwadago, ya sayi ganguna da kwalabe, ba zai ga ko dala ba sai bayan shekara huɗu da wani abu. Gidan Biondi-Santi ma sun ƙara wa kansu nasu takunkumin. Riserva daga itatuwan da suka haura shekara 25 suka saba yin ta, kuma shekarun da ruwa ya ɓata inabi, kamar 2002 da 2014, ba su fitar da Brunello ba sam. Amfanin shekarar suka sauke zuwa ƙaramin suna, Rosso di Montalcino, suka sayar da rangwame. Waccan kwalbar mai sauƙin kuɗi kuwa, mai yiwuwa daga shimfiɗaɗɗen fili take, inabi iri-iri daga gonaki barkatai, an matse bana an sayar baɗi. Ba aiki ɗaya aka yi musu ba.

Kada ka zaci kuma mutanen Montalcino tun asali masu kuɗi ne. Na fara jin sunan garin nan a Kaita, ina ƙaramin malamin gona a babban aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin injiniyoyin akwai wani ɗan wajen Siyena, ɗan manomi. Wata rana muna tsaye a kan fako, mata suna jera duwatsu don tare ruwa, sai ya duƙa ya ɗebi tsakuwa ya murza a tafinsa. Ya ce mini irin wannan ƙasa ubansa ya gudu ya bari, ya tafi birni aikin masana'anta, ga shi yanzu shi ɗan ba zai iya sayen ko hekta ɗaya daga cikinta ba. Gaskiya ya faɗa. Bayan yaƙi Montalcino na cikin matalautan garuruwan Toskana. Manoman da ke noman gonar wani ana raba amfani biyu sun watse zuwa birane, kuma da aka buɗe babbar hanyar mota tsakanin arewa da kudu a 1964, ta bi ta wani wuri, matafiya suka daina ratsa yankin. Gwamnati ta fara kare sunan a 1966, a 1967 manoma 25 suka kafa ƙungiyarsu. Yau masu yin Brunello sun haura 200, hekta ɗaya mai rajista kuma ana maganar Yuro 700,000 zuwa sama.

An kuwa gwada su. A 2008 masu gabatar da ƙara na Siyena suka buɗe bincike a kan wasu manyan gidaje, bisa zargin suna zuba wasu irin inabi a cikin Brunello don ya yi duhu ya yi laushi yadda kasuwar waje ke so. Aka tsare kaya masu ɗimbin yawa, Amurka ta ce ba za a shigar mata da shi ba sai da takardar shaida. Wasu suka ce to a sassauta dokar mana, a halatta gaurayen kowa ya huta. A watan Oktoba na shekarar aka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 na manoman suka ce a bar ta yadda take.

Ƙuri'ar nan nake tunawa duk lokacin da na tsaya a tashar albasa ta Galmi ko ta Tamaske ina kallon ana ɗinke buhu. Albasarmu tana da duk abin da inabinsu ke da shi: iri nata na kanta, ƙasa da ruwa da hunturun da suka karɓe ta, da manoman da suka gaji saninta kaka da kakanni. A Abijan da Akara da Kumasi da sunanta ake nemanta. Har wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman a ba shi mallakarta, Nijar ta tashi tsaye aka hana, kuma yanzu hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha, da ke Yawunde, ta yi mata rajistar sunan asali, ita da kilishin Nijar. Amma takarda ba ta ɗinka buhu. Muddin za a jera manya a baki a cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya, a ɗura wa gona takin zamani har albasar ta kumbura da ruwa ta kasa daɗewa a rudu, a cire ta ba ta ƙosa ba don farashi ya tashi a makon, to mai saye a Abijan zai ci gaba da taya buhunmu da kuɗin wanda ya san za a cuce shi. Abin yana yi mini zafi, don na san hannuwan da suka noma ta, kuma na san ta fi haka daraja.

Kuɗin suna kuma yana nan. A Italiya ana samun Brunello na ƙananan gidaje da Yuro 30 zuwa 50, na Biondi-Santi kuwa yakan haura Yuro 150, kusan jika 100 ke nan na sefa, tun ba a sa kuɗin jirgi da duwan da ribar otal ba. Wannan tazarar, tarihin gidan ne da alfaharin mai saye.

Abu guda da ba ka tambaya ba, amma ba zan bar shi ba tunda ka kira ni Baba. Hadisin da ya yi magana a kan giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai ɗauka da mai sayarwa. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka je wa malamin da ka yarda da shi, ka gaya masa ainihin abin da kake yi a mangazar, kuma in da hali ka roƙi shugabanka ya bar maka ɓangaren abinci da kayan shara. Allah ya ba ka mafita ta alheri.

TAMBAYA: Malam, ina yini. Sana'ata dafa abincin biki da taro. Wata baiwar Allah da nake yi wa aiki, wadda ta zauna Italiya, ta ba ni takardar wata dahuwar naman sa da ake jiƙa shi cikin jar giya ya kwana sannan a dafa. Ta ce wuta tana cinye barasar duka. Ta kuma ba ni wani baƙin ruwan khal mai zaƙi-zaƙi da ake kira balsamico, wai in riƙa zubawa a salati. Da gaske wuta na cinyewa? Shi kuma baƙin khal ɗin, giya ne ko ba giya ba?
Daga wata Hajiya, unguwar Wadata, Yamai.

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Dahuwar nan ta mutanen Piyemonte ce, a arewa maso yammacin Italiya. Suna kiranta brasato, kuma mai hali da Barolo yake yin ta, wata jar giya ta inabin Nebbiolo wadda ita ma sai ta yi wata 38 kafin a sayar. Maganar wuta na cinyewa duka ba haka take ba. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawalin awon da aka yi a kan wannan: in an zuba barasa a miya aka bar ta tana tafasa minti 15, kashi 40 cikin 100 yana nan. Bayan awa 1 saura kashi 25. Bayan awa 2 da rabi ma akwai kashi 5. Tana raguwa, amma ba ta ƙarewa. Ke da jama'a ke cin abincin hannunki da amana, ki bar ta kawai.

Abin da giyar ke ba naman tsami ne da launi da ɗan zaƙi, kuma duk kina da su a madafarki. Ki jiƙa zoɓo mai duhu ki tace, ki haɗa shi da romon ƙashi da ɗan ruwan tsamiya da cokali guda na tumatirin gwangwani. Ki soya gundumen naman a mai kaɗan har ya yi ja ta kowane gefe, ki tsame, ki soya albasa da karas a cikin man, ki jefa kanumfari biyu ko uku da masoro, ki mai da naman, ki zuba ruwan ya kai rabinsa, ki rufe tukunya ki rage wuta sosai kamar awa uku, kina juya shi jefi-jefi. Laushin da ake yabo a wannan dahuwa daga daɗewa a wuta marar ƙarfi yake zuwa, har jijiyoyin naman su narke su kaurara romon. Zoɓo yana da kaifi, don haka ki ɗanɗana tun da sauran lokaci. In ya yi yawa ki jefa dabino biyu su narke a ciki.

Shi kuwa balsamico iri biyu ne. Na gargajiya, na Modena da Reggio Emilia, ruwan inabi ne da ake dafawa tun yana sabo har ya yi kauri, sannan a riƙa juya shi daga babbar ganga zuwa ƙarama, kowace da irin katakonta, aƙalla shekara 12, wani ma 25. A ƴar kwalba mai mililita 100 ake sayar da shi, da tsada ƙwarai. Wanda ya cika kantuna, kuma ina zaton shi aka ba ki, haɗi ne na dafaffen ruwan inabi da khal ɗin da aka yi daga giya, an ajiye shi aƙalla kwana 60. Ki duba bayan kwalbar, in kin ga aceto di vino to shi ne. Ba ya sa maye. Kowane khal ma ta hanya ɗaya yake bi: sukari ya zama barasa, wasu ƙananan halittu su mai da barasar tsami. Khal halal ne, Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Inda malamai suka saɓa shi ne giyar da mutum ya juya da gangan ta zama khal. Ki kai wa malaminki bayanin yadda na ba ki, shi ya yanke miki. Kafin nan lemun tsami ya ishi salatinki.

TAMBAYA: Malam, shekaruna 63, ina fama da hawan jini. Wani abokina da ya daɗe a Turai ya ce likitocin can suna cewa ƙaramin kofi na jar giya kullum yana wanke zuciya yana ƙara jini, kuma tunda magani ne babu laifi. Zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na rubuto.
Daga ɗan'uwanka, Tawa.

AMSA: Alhaji, gara da zuciyarka ba ta kwanta ba. Maganar ta yi tashe ne a farkon shekarun 1990, lokacin da aka lura Faransawa suna cin mai da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wasu suka ɗora abin a kan jar giya. Da aka sake duba irin waɗancan bincike sai aka ga gurguntaka: cikin waɗanda aka lissafa a matsayin marasa sha akwai masu yawa da ciwo ne ya sa suka daina, don haka masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma an daɗe da sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ga mai hawan jini kuwa, barasa ƙara shi take yi.

Batun ƙara jini, jan launin ne ke ruɗin mutane. Launin ɓawon inabi ne, babu abin da ya haɗa shi da jinin jikinka. Sinadarin da ake yi wa talla a cikinta ɗan mitsitsi ne, kuma akwai shi a ɓawon inabin da za ka tauna, akwai shi a gujiya. Ka riƙe maganin da likita ya rubuta maka, ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka riƙa zuwa awo, ka taka da ƙafa da sanyin safiya. In jinin ne ya yi ƙasa a auna a gani, ga hanta ga wake ga zogale. Ka kuma gaya wa abokin naka da taushin murya, don mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa.

TAMBAYA: Baba, ina da garka a Tadis, da rijiya da injin ban-ruwa. Yayana yana aiki a gonar inabi a Italiya, ya ce zai aiko mini da rassan irin nasu mai tsada in dasa. Ni don ci da sayarwa nake so. Zai yi a ƙasarmu?
Daga ɗanka manomi, Tawa.

AMSA: Ɗana, inabi zai yi, amma ba wannan ba. Ka gode wa yayanka ka ce ya bar rassan. Irin da ake matsa ba na ci ba ne: ƙwayarsa ƙarama, ɓawo mai kauri, ƙwallo cike da baki, ba mai sayensa a tire. Kuma ya saba da ƙasar da ke da sanyin da zai sa shi ya zubar da ganye ya yi barci watanni, da daren da ke yin sanyi lokacin nuna. A zafinmu tsaminsa zai gudu, launin ma ba zai kama sosai ba. Ga kuma haɗarin ɗauko cuta a jaka. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shiga Turai a jikin dashen da aka kawo daga Amurka, ya kusa ƙare gonakin inabin nahiyar. Ba a tsira ba sai da aka koma yi wa inabin Turai aure a kan gindin na Amurka, kuma har yau haka ake dasa kusan kowace gona a can, har Montalcino. Dashe ba ya tsallaka iyaka sai da takardar ma'aikatar kare tsirrai, kuma dokar tana da dalilinta.

Ka nemi iri a inda ya riga ya saba da rana irin tamu. A garake na Timiya cikin duwatsun Abzin ana noman inabi, haka ma Hausawan Hunkuyi da kewaye a jihar Kaduna sun mai da shi sana'a. Ka samo reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, daga itacen da aka ga ƴaƴansa da ido. Ka raine shi a leda cikin inuwa, ka dasa a wurin da ruwa ba ya kwanciya, taku uku tsakanin layi da layi, rami mai zurfi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki gara yake kira, gara kuwa ita ce babbar abokiyar gabarka a shekarar farko. Ka ɗanɗana ruwan rijiyarka, in yana da gishiri-gishiri inabi ba zai ji daɗinsa ba. Ka kafa masa rumfa mai ƙarfi da ta ɗara tsayinka, ka bar gangar jiki ɗaya tak ta hau, duk tohon gefe ka cire.

Sirrin noman inabi a ƙasar zafi yana ga aski. Tunda babu sanyin da zai kwantar da shi, kai ne za ka tsara masa shekara da almakashi. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda zafinsu ya yi kusa da namu, sau biyu suke yi: su datse shi ƙwarai a watan Afrilu ya fitar da sababbin rassa, sannan su sake datsewa a Oktoba, wanda shi ne askin ƴaƴa. Haka za ka bi. In damina ta ɗauke ka rage masa ruwa na ɗan lokaci, ka yi askin, ka zuba taki ka sake ba shi ruwa. Zai yi fure ya ɗaura ƴaƴa cikin hunturu, ka tsinka bayan wata huɗu ko kusa da haka, wajen Fabrairu zuwa Maris, kafin bazara ta yi tsanani. Kada ka bari ya yi ƴaƴa da damina, fumfuna za ta cinye ganyen da nonnan. In sun fara nuna ka sa kowane nono a jakar takarda ko ka lulluɓe rumfar da tsohon gidan sauro, in ba haka ba tsuntsaye za su riga ka. Kuma inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka ka ɗanɗana ƙwayar ƙasan nono, in ta yi zaƙi sannan ka sa wuƙa.

Kada ka cire albasarka ka cika garkar da shi. Ka fara da gindi goma a gefe guda, iri biyu in ka samu, don ba za ka ga amfanin kirki ba sai shekara ta biyu ko ta uku. Wanda ya fashe ko ya ƙi sayuwa ka shanya shi a inuwa mai iska ya zama zabibi, kilo 4 na ɗanye yana ba da kusan kilo 1. Kafin ka sayi dashen ka leƙa ofishin noma na Tawa ko wajen ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, su duba maka ƙasar, musamman in tana da yashi da yawa, don tsutsar saiwa a yashi ta fi yin ɓarna.